Ƙaho a Hannun Hajara

"Kwance wannan tsumman ki miƙo hannun, ba ni da lokaci!" in ji Hajiya Salamatu.

Hajara ta ƙanƙame hannunta na hagu. Tun da aka cire mata nono saboda ciwon daji hannun ya kumbura ya yi nauyi kamar taɓarya. Likita ya ce ruwa ne ya rasa hanyar wucewa, maganinsa naɗin bandeji da tausa mai laushi da motsa jiki, kuma ko ƙwarzane kada ya same shi, don yana iya ruɓewa. Amma ga surukarta Hajiya Salamatu ta taso takanas daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni da wanzami, wai mataccen jini ne, sai ƙaho.

"Hajiya ki yi haƙuri, an hana a tsaga shi."

"Ji min yarinya! Suhaib, ko a yi ƙahon nan ko ka sallame ta. Na gaji da aure da jinya!"

Suhaib, mijin Hajara, ya juyo wajen matarsa. Ya matso ya rage murya, "Please Hajara, guda ɗaya kawai, a zauna lafiya..."

Wannan ta fi komai ƙona mata rai.

"Kai ma? Kai da kake naɗa min bandejin nan kullum da hannunka? Wallahi gara ka ba ni takardata da in miƙa shi!" Hawaye suka ɓalle mata.

Kunya ta rufe shi. Ya tuɓe rigarsa, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya juya wa wanzami baya.

"Hajiya, in dai sai an fitar da jini a gidan nan, ga nawa. Amma ba za a taɓa ta ba, kuma ba zan sake ta ba. Ki gafarce ni."

Wanzami ya tattara zabirarsa sumi-sumi. Hajiya ta fice tana faɗin an shanye mata ɗa.

Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsu, su kuwa ba su fasa zuwa ba, ba su fasa jinya ba. Ranar da kumburin ya saɓe har Hajara ta tuƙa tuwo da kanta ta kai mata, Hajiya ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ce, "Zauna mana, 'yar nan."

Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba a yin ta da lafiyar matar da aka ba ka amana.