Hannun Kinasih a Layin Yafiya

"Mene ne wannan, Mas Danang?"

"Sabulun cire tabo ne... ki ɗan goge hannunki kafin gobe, masoyiyata."

Ina soya ayaba a ƙofar gida, amma kunnena yana wajen Kinasih da saurayinta Danang, ɗan makarantarsu. Ni Mbah Tumirah, wato Kaka Tumirah, zance ba ya wuce ni a unguwarmu ta garin Pekalongan!

Kinasih jikata ce, ajin ƙarshe take a sakandare. Tun da ciwon baya ya kwantar da ubanta, ita ke rina masa zannuwan batik bayan an tashi daga makaranta. Hannunta shuɗi har gwiwa. 'Yan ajinsu na kiranta "Uwar Marina", ba mai cin abinci kusa da ita. Gobe kuma ranar komawa daga hutun Sallah ce, duk makaranta za a jeru a yi musabaha a nemi gafarar juna. Bara duk wadda ta taɓa hannunta sai ta goge a siket. Kinasih ta ce in aka sake, ta bar makaranta.

"Ashe kai ma kunyata kake ji?" in ji Kinasih.

"Kukanki ne ba na so!"

"Hannun babana ne wannan. Ɗauki sabulunka!"

Washegari na kai kaskon suyata bakin katangar makaranta. Ciniki? Gulma dai!

Layi na tafiya har Kinasih ta iso gaban Mayang, 'yar mai shagon gwal. Mayang ta ɓoye hannu a baya.

"Wuce mana, Uwar Marina."

"Gafara na zo nema. Ban ga hannunki ba."

Ta tsaya ƙyam, hannu a miƙe. Layi ya cije, rana ta take, gumi ya wanke wa Mayang hoda. Daga baya aka fara ihu: "Ke Mayang, ba ta hannu, mun gasu!"

Dole ta miƙa. Kinasih ta riƙe gam, ta dube ta cikin ido.

"Na yafe miki. In za ki goge, goge a gabana."

Ba ta goge ba.

Sai ga Danang ya ɓalle daga layin maza, ido jawur.

"Hasken raina... ki yafe mini."

"Zan yafe," in ji jikata, tana danne murmushi. "Amma ka koma ka bi layi."

Ayabata ta ƙone ƙurmus, ko a jikina!