Layin da Ba Ya Ɓullewa

"Kwanta! Na ce ki kwanta!"

Matar likita ta zube a kan kafet. Tiren shayi ya kife, kofuna suka tarwatse. Ɗan fashin, Kwalba, ya ɗora mata bakin bindiga a ƙeya, ya juya ga mijinta.

"Tsoho, makullin akwatin ƙarfe!"

"Ɗana, ɗauki duk abin da kake so. Tana da hawan jini, ka bar ta ta zauna."

"Ni ba ɗanka ba ne. Da ni ɗanka ne da ina ƙasar waje ina karatu. Makulli!"

Guntu, abokin aikin Kwalba, ya fizge makullin ya haura sama a guje. Rana tsaka ce tarwai. A harabar gidan wata farar motar ɗaukar kaya na tsaye, injinta na kunne, direba na ciki da hular ma'aikata.

Ba wanda ya leƙo. Dama wa zai leƙo? Unguwa ce a kan tudu, an tsara ta tun kafin a aza tubali ɗaya. Tituna a lanƙwashe, gidaje fenti iri ɗaya, bishiyoyi an yi musu aski kamar yaran makaranta. Ba a danna hon, ba a shanya a baranda, ba a ɗaga murya. Za ka shekara ba ka san muryar maƙwabcinka ba, kuma wannan shirun shi suke biya da tsada. Daga can sama ana hango cikin birni a ƙasa, rufin kwano kan rufin kwano, hayaƙi ya lulluɓe shi. Suna kallonsa da yamma suna cewa gari ya yi kyau.

A gidan da ke kallon na likita, wani dogon mutum siriri na ba furanni ruwa. A nan an san shi da dillalin motoci, mai fara'a, mai biyan kuɗin shara a kan lokaci. A can ƙasa kuwa Tsinke ake ce masa, kuma shi ya koya wa Kwalba riƙe bindiga. Da ya yi wani babban kamu sai ya wanke hannunsa, ya hau tudu da matarsa da 'yarsa. Yarinyar har ta iya keke a titin nan, ba mota, ba kwata, ba mai zagin uwar wani. Shi ma ya saba. Ya koyi yin barci ba takalmi a ƙafarsa.

Sai a kwanakin baya Kwalba ya tare shi a wurin wankin mota.

"Oga, ka yi kumatu fa! Iskar sama ta karɓe ka."

"Me kake so?"

"Gida ɗaya. Kai ka san wanda ke da nama, ka san hanyar fita. Ka ci ka ƙoshi ka share baki, mu muna ƙasa muna lasar tukunya."

"Na bar harka."

"Ita ba ta bar ka ba. Ko in hau in gaishe da maƙwabta? In ba su labarin dillalin motoci? Uwargida ma ina jin ba ta san rabin tarihin ba."

Tsinke ya waiga ko wani na jin su. Ya san Kwalba sarai. In ka ba kura hanji yau, gobe ƙafarka za ta nema.

"Gidan likita," ya ce. "Ku zo da rana, kamar masu kwashe kaya. Maigadin babbar ƙofa ba ya tambayar motar kaya. In kun gama kar ku koma ta can. Ku gangara, in kun kai inda titi ya rabu biyu ku yi hagu. Akwai ƙofar baya ta motar shara."

"Hagu."

"Hagu. Sharaɗi ɗaya: ban da Auta. Ƙanena ba ya cikin wannan."

"Haba Oga! Auta ai ɗan lele ne. Na rantse ba zai ji ko labari ba."

Ƙofar motar shara tana nan, gaskiya ne. Amma a dama take. Hagu layi ne mai kyau, mai inuwa, wanda ya ƙare a jikin katangar dutse. Mutumin cikin birni ba zai taɓa kawo wannan a ransa ba, don a wurinsu kowane lungu yana ɓullewa wani lungun.

Yau kuwa, bayan motar kawai Tsinke ya hango lokacin da ta shige gidan likita. Ya ajiye tiyon ruwa, ya kira 'yan sanda, muryarsa har da 'yar rawa irin ta mutumin kirki. Sannan ya kira shugaban mazauna unguwa, wani tsohon alƙali, don a shaida cewa shi ya fara gani.

Can gindin tudu sufeton 'yan sanda ya buga murfin mota.

"Ku hau! Ban da jiniya sai mun wuce ƙofa. Mutanen sama ba sa son hayaniya, ko ceton su za ka yi."

Cikin gidan likita Guntu ya sauko da jaka biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"An dace, baaba! Gwal kamar a kasuwa!"

"Ɗaure su. Mu fece!"

"Matar nan fa numfashinta na sama-sama."

"Mijinta likita ne, ya san ta kansa. Muje!"

Tsohon alƙali ya iso ƙofar Tsinke da silifas, yana haki. Yarinyar ma ta fito ta riƙe rigar babanta.

"Sun taho?" in ji alƙali ƙasa-ƙasa.

"Suna hanya, ranka ya daɗe."

"Allah ya yi maka albarka. Irinku muke so a unguwar nan."

Motar ta fito da baya, ta juya hanci ƙasa. Gilashin direba a sauke yake. Direban ya ture hularsa baya don ya duba madubi.

Auta ne.

Tsinke ya gane shi nan take. Ashe Kwalba bai yarda da shi ba tun farko, shi ya sa ya ɗauko ƙanen ya zaunar a sitiyari, don yana ganin ba mai haƙa rami ɗan uwansa na kan hanya. Auta ya hango yayansa. Bai ɗaga hannu ba, yaro ne mai hankali, sai dai ya ɗan kashe masa ido, irin na kar ka damu, Yaya, na riƙe kwatancenka.

Kalma ɗaya ce. Dama! In ya buɗe baki ya faɗe ta da ƙarfi, Auta zai ji. Alƙali ma zai ji. Yarinyar za ta ji, labule zai motsa a kowane gida, kafin dare kowa ya san wane ne dillalin motoci. Ya buɗe bakin kuwa. Ya dubi alƙali, ya dubi kan 'yarsa, ya dubi titin nan mai tsabta. Sai ya rufe.

Motar ta gangara. Jiniya ta ɓarke daga ƙasa.

"Hukuma!" Guntu ya yi ihu daga baya. "An sayar da mu!"

"Taka, Auta! Taka!"

"Kar ku damu, Yaya ya ce hagu!"

Ya karya kan mota hagu, tayoyi suka yi ƙara. Bishiyoyi, gidaje, bishiyoyi, kwana — katanga! Dutse tsaye, ya fi bene tsawo.

"Ina ƙofar? Ina ƙofar, Kwalba?"

"Yayanka ya ci amanarmu, shege!"

"Ƙarya kake! Ni na ɓata, bari in juya —"

Motar 'yan sanda ta riga ta toshe bakin layin.

"Ku fito hannu sama!"

Kwalba ya amsa da harsashi. Tau! Tau! Aka mayar masa da ruwan harsashi. Gilashi ya zube, tsuntsaye suka watse daga bishiyoyi. Guntu ya faɗi a jikin taya, Kwalba ya kife kan jakar gwal. Ba a daɗe ba unguwa ta koma shirunta.

Auta ne kaɗai ke da sauran numfashi. Aka shimfiɗa shi a bayan motar 'yan sanda, jini ya jiƙa rigar aikin da aka ara masa. Sufeto ya aika a kira wanda ya buga waya. Tsinke ya gangaro, alƙali na gefensa.

"Kai ka kira mu?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Duba wannan. Dole akwai wanda ya nuna musu gidan. Ka taɓa ganinsa yana yawo a nan?"

Auta ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon yayansa, kuma a kallon nan ya gane ba shi ya ɓata hanya ba. Leɓensa ya motsa. Amma Auta bai ce Yaya ba. Ya kawar da kansa wajen katanga, ya bar masa unguwarsa.

"Ban san shi ba," in ji Tsinke.

Kafin su kai asibiti Auta ya cika. Matar likita ma an kwantar da ita, ɓarin jikinta ɗaya bai sake motsi ba. Washegari masu shara suka wanke layin, aka shafe ramukan harsashi da siminti, aka sake fenti. Mazauna suka yi taro suka ƙara kuɗin gadi, suka tafa wa dillalin motoci, a hankali, yadda ba zai dami kowa ba. Gawar Auta na ɗakin ajiye gawa ba mai zuwa karɓa, don duk wanda ya je sai ya faɗi dangantakarsa da ita.

Da yamma Tsinke na tsaye a baranda wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsu ce, daga can ƙasa.

"Babba, ƙanenka bai kwana gida ba. Ya ce mini wani aiki ya samu a wajenku, har yana murna zai gan ka. Ya iso kuwa?"

Tsinke ya riƙe ƙarfen baranda. Kuka ya taso masa, ya danne shi da tafin hannu, don tagar maƙwabta a buɗe take.

"Babba? Kana jina?"

"Ina jin ki, Mama," ya ce. "Bai zo nan ba."