Kwamfutar da Ba Ta Malam Ashafa Ba

Ranar Laraba da hantsi, Sufeto Tukur yana cikin shan koko a ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma, wani dattijo ya shigo yana ƙwanƙwasa farar sanda a daɓe. Babu mai yi masa jagora. Ya lalubi benci ya zauna, ya ɗora jakar kwamfuta a cinya.

"Sunana Ashafa, daga Kurfi, tsohon malamin makaranta. An sace mini kwamfuta."

Sufeto ya dubi jakar, ya dubi Kofur Dina mai kula da na'urorin ofis.

"To Malam, wannan ta cinyarka fa?"

"Ita ce shaidar satar. Ba tawa ba ce."

Shekara ashirin da biyu Sufeto Tukur yana aiki. Ya ga ɓarayin shanu, ya ga na babur, amma wanda zai rungumo kayansa ya ce an sace, wannan kam sai yau. Ya ture kofin koko gefe.

Malam ya yi bayani. Tun yana saurayi idonsa ya rufe. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya ba shi kwamfutar, da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo. Kwanan nan ta dame shi da gargaɗi cewa Windo ɗinta, wato tsarin da ke tafiyar da komai a cikinta, ta tsufa. Shi ne ranar Litinin ta makon jiya ya kai ta shagon wani mai gyara, Zubair, a nan bakin tasha.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce sabuwar Windo tana da sharuɗa. Memori aƙalla gig huɗu, takwas ya fi. Fili a ma'ajiya gig sittin da huɗu. Sai wani ɗan guntun tsaro a cikin injin, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Lasisi dubu sittin, aikin hannu dubu biyar. Na biya. Da na je ɗauka, ya ce an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, duk abin da ke ciki ya tafi."

"Mene ne a cikin?"



"Muryar matata, Hajiya Azumi. Shekara goma sha tara tana karanta mini littattafai, ina ɗauka. Ta rasu daminar bara. Ba ni da muryarta a ko'ina sai nan."

Tausayi ya kama Sufeto. A ransa dai ya ce baƙin ciki ne ya hana bawan Allah yarda da asara. Duk da haka ya miƙa wa Kofur Dina jakar.

Tana kunnawa ta ce, "Yallaɓai, zo ka gani."

A kusurwar allo ta ƙasa akwai wani dusasshen rubutu.

Ta nuna shi da yatsa. "Wannan yana nufin ba a saka lasisi ba. Duk mai ido zai gan shi. Memorinta huɗu, kuma babu guntun tsaron. Da ƙarfin tsiya aka cusa mata sabuwar Windo."

"Tawa sha shida ce," in ji Malam.

"In haka ne, Baba, taka ta cika sharuɗa. Mai irinta da lasisin tsohuwa, kyauta ake sabunta masa." Ta juyo ga Sufeto. "Akwai kuma wani abu. In a kan tsohuwar aka ɗora sabuwar ba a goge ma'ajiya ba, kayan da ke ciki suna nan a ɓoye kwana goma. Daga nan injin da kansa zai share su."

Sufeto ya lissafa da yatsu daga Litinin ɗin. Kafin ya gama, Malam ya riga shi.

"Gobe ke nan."

Kokon nan a nan aka bar shi.

Sun tarar da Zubair a shago, ɗan gaye, ya sha farin yadi, yana ta fara'a kamar an zo ba shi kwangila.

"Yallaɓai, wallahi ita ce. Ga rasit, ga lambar da ke manne a ƙasanta, ka haɗa ka gani. Sabuwar Windo ce ta sa ya ji ta daban. Ka san lamarin tsofaffi."

Lamba kam ta yi daidai.

"Ka ce an ɗauke wuta?" in ji Malam daga bakin ƙofa.

"Ƙwarai, Baba."

"To wannan abin da ke gurnani a bayan kanta, ba na'urar sola ba ce? Ran da na zo ma tana yi."

Sufeto ya leƙa. Ga ta kuwa, da batura huɗu a jere. Shi da ke tsaye a kusa bai ji komai ba. Kofur Dina ta sa farce a gefen takardar lambar, ta ɗago ba gardama, da sabon gam a ƙarƙashinta.

"Zafi ne ya ɗaga ta," in ji Zubair, yana share goshi.

"Lasisin da aka biya fa?"

"Ai… zan saka. Mantuwa ce."

"Ina kwamfutar Malam?"

"Ga ta a hannunku, Yallaɓai."

Malam ya ce, "Sufeto, ran nan ina zaune a kan wannan bencin, wani ya kira shi a waya. Muryar tana ɗan fitowa. Yana neman cikon kwamfutoci uku masu ɗaukar sabuwar Windo, kafin ranar Asabar. Alhaji Rabe ne, mai cibiyar koyon jarrabawa a garinmu. Na koyar da shi a aji huɗu."

Tabɗijam! Sufeto ya tsaya yana kallon dattijon, baki buɗe. Murya a cikin wayar wani, kwana tara da wucewa. Ya ce a sa Zubair a bayan mota.

Azahar ta gota lokacin da suka shiga Kurfi. Cibiyar Alhaji Rabe dogon ɗaki ne, kwamfutoci ashirin a sahu biyu, baƙaƙe, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

"Ni duk daga Kano na yi odarsu," in ji Alhaji bayan ya yi gyaran murya, yana gyara babbar riga. Ya nuna Zubair. "Wannan yaron ma ban san shi ba."

"Rabe," in ji Malam, "har yanzu in za ka yi ƙarya sai ka fara gyaran murya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

Kofur Dina ta ce buɗe su ɗaya bayan ɗaya zai ci lokaci, ga kowace da kalmar sirri, mai riƙe da su kuma ya tafi Katsina sai an kira shi.

"Ku kunna su duka," in ji Malam. "Ku kashe fankar sama. Kowa ya yi shiru."

Aka yi yadda ya ce. Ya jingine sandarsa a bango, ya bi sahun farko a hankali, kansa a karkace, hannuwansa a baya. Bai taɓa ko ɗaya ba. Sufeto ya kasa kunne iya ƙarfinsa, abin da yake ji ɗaya ne, shuuu, kamar an zuba gero a faifai. Malam ya gama sahun farko, ya juyo na biyu. Ya wuce uku. A ta huɗu ya tsaya cak.

"Ga ta."

"Ta yaya, Malam?" in ji Sufeto.

"Fankarta tana ɗingishi. Ta taɓa zamewa daga kan katifa. Sa kunnenka."

Sufeto ya durƙusa, ya manna kunne a jikin injin. Can ƙasa-ƙasa, sai ga shi: tik, tik, tik.

Kofur Dina ta sake kunna ta, ta shiga wurin da injin ke nuna lambarsa ta asali, wadda ba a ɓamɓarewa. Ba ta buɗe baki ba Malam ya fara karantowa, harafi da lamba, goma sha biyu cif. Tana bi da yatsa a kan allo. Da ya kai ƙarshe ta dafe ƙirji.

"Yallaɓai, ko ɗaya bai kuskure ba."

"Hajiya ta karanta mini ita ran da aka kawo ta," in ji Malam. "Sau ɗaya."

"Allahu Akbar!" Sufeto bai san ya faɗa da ƙarfi ba. Shi da yake taƙama da idon gane mai laifi, yau ya ji kansa ƙarami, kuma wallahi bai ji haushin haka ba.

Alhaji Rabe ya ce uku ya saya a wurin Zubair, bai tambayi asalinsu ba. Shi kuwa Zubair sai ya zube a ƙasa.

"Ni ne, Yallaɓai. Da na buɗe na ga injin mai ƙarfi ne, sai shaiɗan ya shige ni. Ina da wata tsohuwa mai irin jikinta, na musanya takardar lamba. Na ce ai ba ya gani, ina zai sani?"

"Ka goge ma'ajiyar?"

"Alhaji yana ta azalzalata. A kai kawai na ɗora, a ranar."

Aka kira mai kalmar sirri a waya. Kofur Dina ta zauna, yatsunta suna ta aiki. Malam yana tsaye, ya riƙe bayan kujera da hannu biyu. Minti ɗaya, biyu, biyar. Sufeto ya tsinci kansa yana salati a zuci.

"Baba, akwai wani kundi mai suna Karatun Hajiya."

"Buɗe ko wanne."

Ta danna. Aka ji ƙarar buɗe shafi, da kukan zakara daga nesa. Sai muryar mace, tattausa, da 'yar dariya a cikinta.

"To Malam, shafi na arba'in da bakwai. Ka gyara zama, kada ka yi mini barci irin na jiya. Af, tsaya in sauke tukunya, yanzu zan dawo."

Takun takalminta ya yi nisa.

"Ina nan, Hajiya," in ji Malam Ashafa a hankali. "Ina jiranki."

Kofur Dina ta kau da kai tana goge ido da gefen hannu. Zubair ya miƙo hannuwansa biyu da kansa, hawaye shaɓe-shaɓe. Sufeto ya sa masa ankwa a hankali don kada ƙarfen ya yi ƙara, ya tasa shi gaba zuwa mota.

A bakin ƙofa ya ji takun takalmin yana dawowa, muryar ta ɗora karatu daga inda ta tsaya. Ya ja ƙofar da yatsa biyu har ta rufu.