Kunun Alhamis

Rana ta take tsaka, irin zafin Garwa da ke sa ƙasa huci, amma Ornella tana durƙushe a kan yashin tsakar gida, gwiwoyinta har sun fara salewa... Tanti Denise, ƙanwar marigayi babanta, ta sa tsinke biyu ta ɗauki kwanon abincin yarinyar kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ta wurga shi bayan katanga.

"Daga yau kar hannunki ya ƙara taɓa tukunyata! Kin cinye uwarki da ubanki a Mokolo, yanzu kin zo ki cinye mana unguwa!"

"Tanti, don girman Allah... ni ban san komai ba..."

"Rufe min baki, mayya!"

Wayyo, maraici! Ornella ba ta da kowa a duniya sai wannan gwaggon da ɗanta Patrice mai aikin moto, wato acaɓa, sai kuma cocin da ke gangaren Binuwai, inda take samun sanyin zuciya. Duk Alhamis matan zumunta sukan dama kunun gyaɗa a babbar tukunya, a raba wa tsofaffi da marasa lafiya na unguwa, ba a tambayar wane ne Kirista wane ne Musulmi. Kowace mace da layinta. Layin bakin kogi, inda gidajen suka fi nisa kuma yashi ya fi zurfi, shi aka bar wa Ornella, ita kuwa ko a jikinta. Tanti Denise ce mai kula da kayan girkin coci, ita ke zuba wa kowa nasa. Sai wata Alhamis ta miƙa wa Ornella wani bido mai ruwan ɗorawa, irin jarkar robar nan, ta ce robar coci ta fashe. Ba ta fashe ba, tana ɗakinta cike da zoɓon sayarwa.

Daga ranar abin ya soma. Duk gidan da Ornella ta shiga, kafin la'asar sai a ji salati. Mutum ya kama gumi kamar an watsa masa ruwa, yawu na dalala, jiki na kyarma, baƙin idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. Sauran layuka kuwa lafiya lau! Awakin Tanti Denise ma biyu suka faɗi a bakin rariya da kumfa a baki. Ornella ta ga gwaggonta ta tsaya a kansu, ta daɗe tana kallon wurin da take wanke bidon, sannan ta ja su bayan banɗaki ta binne da sauri, ta dawo ta sake dirje bidon da toka. Da yamma ta ce wa maƙwabta yarinyar ce ta lashe kurwarsu.

Alhamis ta gaba Baba Oumar, makahon da Ornella ke wanke wa kaya, ya sha kununsa ya sa mata albarka. Kafin rana ta faɗi ya cika, yana ta kiran sunanta... Kowa kuwa ya san abin da ake cewa, wai wanda maye ya kama, sunan mayen yake kira. Unguwa ta yi tsit. Ungulaye suka zo suka jeru a kan rufin coci ba mushe ba komai, karnuka suka daina haushi, da tsakar rana sai a ji dorina na nishi daga kogi kamar mutum na kuka a cikin rijiya. In Ornella ta yi sallama ba mai amsawa, sai ta ji ana jan sakata a hankali, ta ga an barbaɗa toka a inda ta taka. Ita kanta ta fara tsoron kanta. Sai ta shige coci lokacin da ba kowa, ta kife fuskarta a kan benci tana kuka. "Ya Yesu, in da wani abu a cikina da ban sani ba, ka ɗauke raina kafin ya taɓa wani... In kuwa babu, ka wanke ni, ba ni da mai wanke ni sai kai!"

Mama Nadine, shugabar zumunta, ta same ta a haka. Ta zauna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. "'Yata, tashi. Na ga tsufa a ido, na ga ciwo, ban taɓa ganin mayya tana wanke wa makaho wando ba. In muka daina kai kunu yau, mun yarda da maganarsu ke nan."

Haka Ornella ta sake ɗaukar bidon. Gida ɗaya tak aka buɗe mata, na Dada Hawa'u, tsohuwar da ke riƙon jikarta Laila, 'yar da ba a daɗe da yaye ta ba, mai son Ornella kamar me. Tsohuwar tana azumi, sai ta ba jikar. Ornella ba ta kai bakin titi ba ta ji ihu a bayanta...

Kafin ta ankara maza sun kewaye ta, an ja ta a ƙasa har ƙofar gidan. Ga Laila kwance a tabarma, idanu a kafe, kumfa a baki, tana cewa "Nella... Nella..." da 'yar muryarta. Dada Hawa'u ta yayyage ɗankwalinta tana birgima. "Na buɗe miki ƙofa da kowa ya rufe! Me ta yi miki? Ki sakar min ita, ki ci ni a madadinta!"

"A tuɓe ta ta tsallake yarinyar!" in ji wani, jama'a suka ɗauka. Haka ake yi wa mayya, a tsiraita ta a bainar jama'a ta tsallake wanda ta kama, kuma duk wadda ta tsallaka ta amsa sunan ke nan har kabarinta. Tanti Denise ce a gaba, har da kamo wuyan rigar 'yar ɗan'uwanta. "Ni na riƙe ta, ni na san halinta! Ku tuɓe ta!"

Sai ga matan zumunta a guje, wasu da muciya a hannu, Mama Nadine na haki a gabansu. Suka ratsa maza suka yi wa Ornella zobe, kowace ta kwance gyalenta ta lulluɓa mata. "Duk mai son ganin tsiraicin 'yar nan, sai ya fara da nawa!" in ji Mama Nadine, hawaye na bin kuncinta. Ta juya ga Jauro, mai unguwa. "Jauro, kana tsaye kana kallo? Yarinya na mutuwa, ku kai ta asibiti!"

Ana cikin haka Patrice ya iso da moto, ya ga ƙanwarsa a ƙasa jini na zuba a goshinta. Wani ya ɗaga bidon yana cewa a ciki ta zuba maitar. Patrice ya fizge shi, idonsa jawur.

"Maita a kunu? Haba jama'a! Yarinyar da ko kaza ba ta iya yankawa? To ni zan shanye, in ya so ta cinye ni ku gani!"

Ya kafa kai. Wata irin ƙara da Tanti Denise ta saki, har ungulayen kan katanga suka tashi! Ta yi tsalle ta doke bidon daga bakinsa, ta sa yatsa tana ƙwaƙulo masa maƙogwaro.

"Tofar! Tofar, Patrice! Bidon na maganin auduga ne! Na feshin gonar babanka ne, shi ya kashe awakina! Wayyo ɗana!"

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kunu na tsiyaya cikin yashi. Patrice ya ture hannunta a hankali. "Mama... kin sani? Kin sani kika sake ba ta?"

Mama Nadine ba ta tsaya jin amsa ba, ta sunkuci Laila ta haye bayan moton Patrice, wata ta miƙa mata bidon don likita ya gani. Da likitoci suka san irin gubar, Allah ya taimaka, kwana kaɗan yarinyar ta buɗe ido. Tanti Denise kuwa, Jauro da kansa ya miƙa ta ga jandarma. Ana tafiya da ita tana kiran ɗanta, bai waiwayo ba. Mijinta ya tattara ya koma ƙauye don kunya, zoɓonta ya ruɓe a ɗaki har wari ya kori maƙwabta.

Mama Nadine ta ɗauki Ornella ta zama 'yar gidanta. Ranar Lahadi ana tashi daga sujada, sai ga Dada Hawa'u a bakin ƙofar coci, Jauro da rabin unguwa a bayanta, kowa kansa a ƙasa. Tsohuwar ta zube a gaban Ornella ta kama ƙafafunta.

"Binngel am... 'yata... da bakin nan na kira ki mayya. Ki yafe min, don Allahn da ya haɗa mu."

"Dada, tashi... don Allah tashi, ni na yafe tun ranar..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Dada Hawa'u ta miƙe, ta kwance Laila daga bayanta, ta juya Ornella ta ɗora mata ita, ta ɗaure zanin da hannunta tamau. Sannan ta dubi jama'a.

"Je ki da ita. Ki zaga unguwar nan gida-gida, kowa ya ga wa na ba jikata. Kar ki dawo min da ita sai magariba."

Ornella ta taka a hankali, hawaye na ɗiga a kan zanin. Kafin ta kai kwanar farko, Laila ta kwantar da kumatunta a bayanta ta yi barci.