Ɗan Ƙarshen Layi a Hawa na Huɗu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, garin Duluth na Amurka ya fara duhu, ni kuwa ina ƙasan wani benen tsofaffi tun safe, ina hararar wata fitila rawaya tana hararata.

Aikina gyaran ƙararrawar gobara. A ƙasan kowane bene akwai akwatin kula, daga shi waya ke hawa tana bin jiniyoyi ɗaya bayan ɗaya. A bayan jiniyar ƙarshe ake maƙala wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, muna ce masa ɗan ƙarshen layi. Muddin akwatin yana jin sa, fitila kore ce. In waya ta tsinke a hanya, sai rawaya ta kama, ma'ana gobara za ta iya tashi jiniya ba ta ce uffan ba.

Hawa na huɗu ne ya ƙi. Tsofaffi goma sha tara ke kwana a can. Na kwance jiniya goma sha ɗaya, na shaƙi ƙurar silin har maƙogwarona ya bushe, mitar gwada waya tana ba ni amsa iri-iri kamar mai yi mini ba'a. Raina ya gama ɓaci. Ga sufeton 'yan kwana-kwana zai zo da safe, sa hannuna yake jira.

Na kira ubangidana a wurin aiki, Gus Lindqvist, wanda ya koya mini aikin nan tun daga riƙon sukundireba. Shi ne mai dokar nan: duk abin da ka ɗaura, naɗe shi da jan salatif ka rubuta harufan sunanka.

"Oga, layin nan ya ƙi ni."

"Haba Wanda, tun safe? Ko akuya aka tura ai da ta gama. Cire wayoyin sama, ki maƙala ɗan ƙarshen layi a cikin akwatin. Ta yi kore, ki tafi gida."

"To jiniyoyin fa?"

"Litinin mu dawo. Wa zai mutu kafin Litinin?"

Na san ha'inci ne. Amma yatsuna sun ƙage don sanyi, tun safe kofi kawai na sha. Na cire wayoyin, na maƙala shi. Kore ta kama.

Ina zuge jakata na ji ƙit.

Rawaya.

Na tsaya baki buɗe. Wayoyin sama ga su nan a cire suna lilo, babu ta inda hawa na huɗu zai yi magana da akwatin. A lokacin ba tsoro na ji ba, haushi ne. Na saɓi tsani na hau bene ina zage-zage.

Baba Orville mai kula da gidan na tarar yana goge matakala.

"'Yar nan, ina kuma?"

"Ƙarshen layi, Baba. Yau ko ni ko shi."

Ya rage murya. "Ɗakin ƙurya ne. Ba a shiga."

"To yau za a shiga. Ba ni makulli."

Ya miƙo, bai biyo ni ba.

Farkon barandar akwai ƙamshin miyar kabeji da ƙarar talabijin. Ina tafiya suna raguwa. Kafin in kai ƙurya, sai ƙarar takalmina kawai.

Na buɗe ƙofar. Katifu a jingine, tsofaffin kujeru, taga ɗaya da ɗan sauran haske. Da wani wari. Ƙaurin toka da aka kwara wa ruwa.

Jiniyar tana can saman bango. Na kafa tsani, na hau yana rawa, na sa tocila a baki, na kwance murfin. Wayar ta narke ta dunƙule, ta daɗe a haka. Bayanta wayam, babu ɗan ƙarshen layi.

Tsanin ya daina rawa.

An riƙe mini shi.

"Na gode Baba," na ce, tocila a tsakanin haƙorana.

Sai na ji numfashi, a hankali, mai haɗe da tari.

Na duba ƙasa. Hannaye biyu, sirara, baƙi ƙirin da hayaƙi. Rigar barci mai furanni. Tsohuwa ce mai farin gashi, gefe guda ya ƙone.

"Jiniyar ba ta yi kuka ba," ta ce da raɗa.

Tocilar ta faɗo daga bakina ta mutu.

"Kunnena ƙalau yake. Da ta yi, da na tashi."

Matakin tsani na ƙasa ya yi ƙara. Ta hau.

"Wancan mai gyaran ma kore ya bar fitilar."

Na biyu ya yi ƙara.

Zafi ya taɓa idon sawuna.

Na yi tsalle. Na faɗa kan katifa, na rarrafa, na daki ƙofa da kafaɗa. Ban san yadda na sauko hawa huɗu ba.

Baba Orville ya ba ni ruwa. Ya ce shekara talatin da ɗaya ke nan wuta ta tashi a sama, kowa ya fita ban da Misis Haluska ta ɗakin ƙurya. Masu bincike ba su gane komai ba, don akwati kore yake nunawa.

Na koma na fizge abin da na maƙala. Ina mayar da wayoyi, yatsana ya taɓo wani abu can bayan akwatin, inda aka cusa shi don kada a gani. Tsohon ɗan ƙarshen layi ne, naɗe da jan salatif da ya koɗe. Harufa biyu a jiki: G.L.

Ban sa hannu a takardar sufeto ba. Ni da Baba Orville muka yi gadin hawa na huɗu har aka ja sabuwar waya, abin da na tsinta kuma na damƙa wa sufeto. Gus ya kira ni sau tara, ban ɗauka ba. Zanen yatsu huɗu yana nan a idon sawuna, kuma duk ranar da gajiya ta sa na fara tunanin barin aiki sai Litinin, sai ya ɗau zafi.