Takalman da Suka Tsaya a Ƙofa

"Ga ta nan! Kowa ya gani, kar a ce sharri nake mata!"

Yayar mijinta ce ta dangwarar da waya a kan keken ɗinkinta. Matar nan ko gaisuwa ta yi maka, sai ka laluba ka ji ko ta bar ƙaya a ciki.

"Bidiyon faɗuwarki ta jiya ne, na tura wa dangi kaf. An ɓoye mana farfaɗiya an liƙa wa ƙanena! Wallahi sai ya rabu da ke!"

"Yaya, likita ma bai tabbatar ba..."

"Likita! Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Mijin ya shigo da kayan aikinsa na fenti. "Haba Yaya..." Iyakar jarumtarsa ke nan. Ya sassauta murya ya ce wa matarsa, "Yi haƙuri, hasken idona, ina tare da ke."

Ta yarda da shi. Ai duk sanda ta farfaɗo, a cinyarsa take tsintar kanta yana goge mata fuska. Saboda wannan kaɗai take haɗiye baƙar maganar danginsa.

Ba ta iya kallon bidiyon ba, amma ta tuna wani abu. Gwajin ƙwaƙwalwarta bai nuna komai ba, likita ya sha roƙon a ɗauko masa yadda abin ke kama ta. Kullum mijin cewa yake ina zai samu hannun riƙe waya alhali yana riƙe da ita?

"Turo min, Yaya," ta ce. "Ni ma dangi ce."

Washegari ta je asibiti tare da mijin, likita ya kalli bidiyon, ya tsayar, ya sake mayarwa baya.

"Kun gani? Kai ya fara juyawa gefe, hannu ya sandare, sannan jijjiga. Farfaɗiya ce, kuma tana jin magani. Kullum za ki sha, ba fashi ko kin ji garau." Sai ya haɗe rai. "Amma wa ya bar ta haka a rigingine? A gefe ake kwantar da mutum, a kare masa kai, kar a cusa masa komai a baki."

Ta leƙa wayar. Ga ta a ƙasa ita kaɗai, kanta na dukan ƙafar keken ɗinki. Can bakin ƙofa, wasu takalma ne masu ɗigon farin fenti.

"Kar ka taɓa ta, a yawu ake ɗauka!" muryar Yaya ta fito daga wayar.

Takalman suka ja baya.

"Na sani, Yaya... ai kullum sai ya lafa nake matsowa."

Muryar mijinta ce. Likita ya ce babu mai ɗaukar wannan cuta ta yawu, amma ita ba ta ji ƙarshen maganar ba. Zuciyarta ce ke ciwo, ciwon da ya fi na kan.

Da suka fito, mijin ya miƙa hannu zai karɓar mata ledar magani. Ta janye.

"Hasken idona, tsoro ne... Wallahi ina sonki! Yanzu da na san ba a ɗauka..."

"Da ana ɗauka fa?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Yaya ta tsane ni, ba ta taɓa ɓoyewa ba, ga shi ƙiyayyarta ta samo min magani. Kai da ke sona, ka tsaya kana kallon kaina yana dukan ƙarfe, sannan ka zo ka goge min fuska ina maka godiya!"

"Ki ba ni dama ɗaya..."

"Gidanmu zan tafi. Ummata ba ta jiran ya lafa."

Hawaye na zuba ta ƙanƙame maganinta ta fice. Ta waiwaya sau ɗaya, ko zai biyo ta. Yana nan tsaye a bakin ƙofa.