Tabawa Ta Iso Karantina

Tun da aka rushe Karantina, tsohuwar unguwarsu ta bakin teku a ƙasa mai tsarki, Mahmud bai sake taka unguwar ba sai ran nan bayan isha'i, da hanya ta biyo da shi. A nan kakarsa ta zauna har ta rasu. Ta ƙi tashi, wai kada 'yarta Tabawa ta zo ta rasa gidan. Tabawa kuwa tana 'yar shekara tara aka nutsar da jirgin ruwan da ya ɗauko ta daga Sudan, lokacin yaƙin duniya na biyu. Iyayenta suna jirgin gaba, suka tsira.

Yana tsaye inda ƙofarsu take a da, sai ƙarnin teku ya buge shi. Wata yarinya ta yi sallama a bayansa. Zanenta yana ɗigar ruwa, amma ƙasar da take tsaye a kai a bushe take.

"Malam, ina mutanen gidan nan?" Muryarta ta fito kamar daga cikin randa.

"Halas, shi ke nan, an rushe, kowa ya watse. Ke 'yar wane ce?"

Ta ƙura masa ido ba ƙiftawa. "Kai ɗan Sale ne ko? Goshinku ɗaya. A goye na bar shi."

Sale mahaifinsa ne, yana can unguwar Khumra kwance ba lafiya. Mahmud ya sake duban fuskarta.

"Gwaggo?"

Yatsu masu sanyi suka kama hannunsa.

"Na gaji da tafiya. Kai ni wurinsa."